Hoto Uku a Sakan Ɗaya

Ranar da kyamarar ta iso, Dakta bai sayar da ko ƙwayar maganin ciwon kai ɗaya ba har yamma. Ya ja ƙofar shagon rabi, ya goge saman kanta da auduga kamar wanda zai yi tiyata, sannan ya ɗora kwalin. Shi dai ba likita ba ne. Mai shagon magani ne, da takardar shaidarsa a bango, amma tun shekaru ashirin da suka wuce unguwa ta yanke hukuncin cewa duk mai farar riga Dakta ne, shi kuma bai taɓa ɗaukaka ƙara ba.

Bai fara taɓa kyamarar ba. Littafin bayaninta ya fara ɗauka. Haka yake aikinsa: 'yar takardar nan da ake ninkewa a cusa cikin kwalin magani, wadda duk mai hankali yake jefarwa, shi warware ta yake yi ya karance ta tas, har da illar da ke samun mutum ɗaya cikin dubu goma. Littafin kyamarar shafi ɗari uku ne da ɗoriya. Ya karanta saba'in a tsaye, wata mata na ƙwanƙwasa ƙofa tana neman maganin tari.

Da ya koma gida ya ajiye kwalin a tsakiyar teburin cin abinci, ya ture faranti gefe.

"Ɗigo miliyan goma sha takwas," in ji shi.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda lissafi take koyarwa a firamare, ta ɗago kai daga littattafan da take maki. "Na me?"

"Na hoto. Kowane hoto ɗaya da za ta ɗauka, ɗigo miliyan goma sha takwas ne aka jera. Megafiksel ke nan. Kin san miliyan goma sha takwas kuwa?"

"Na taɓa jin labarinsa."

"Ga wuraren saita gani guda tara. Tara! Kuma ba irin ta waya ba ce da za ki tsaya kina kallon allo kamar mai duba fuska. Akwai madubi a ciki. Haske ya shigo ta gilashin gaba, ya bugi madubin, ya hau sama, ya zo idonki ta wannan 'yar tagar. Abin da gilashin ya gani, shi kike gani. Kina danna maɓalli, madubin ya ɗaga, ƙas, ya dawo."

Ya murɗe gilashin ya cire don ya nuna mata madubin, sai ya tuna shafi na arba'in ya hana barin ciki a buɗe saboda ƙura, ya mayar da sauri har yana riƙe numfashi.

"Ta ƙwararru ce ke nan," in ji Malama.

"A'a. Ta masu farawa ce. Haka aka rubuta." Kalmar ba ta yi masa daɗi ba. "Amma masu farawa da gaske."

'Yarsu tana zaune a ƙasa tana ɗaure igiyar takalmin gudu. Shekararta goma sha biyar, kuma tun tana aji uku na firamare ba wanda ya ƙara kiran sunanta na gaskiya. Barewa ake ce mata. Shekara uku a jere tana lashe gudun mita ɗari wa gidan ja, rukunin masu jar riga, a gasar makarantarsu, shekara uku a jere kuma ubanta yana shago, saboda, a cewarsa, ciwo ba ya zuwa hutu. Abin da ya rage na nasarorin uku shi ne hotunan wayar Kawu, ƙanen Malama: wani jan dishi-dishi a gefen fili, kamar an goga tumatir a jikin gilashi. Bana ce ta ƙarshe. Baɗi ajin jarrabawa za ta shiga, kuma Malama ta riga ta sanar, da muryar da take sanar da ranar gwaji, cewa daga wannan gasar an ajiye takalmi.

Abu ɗaya Barewa ta roƙa. Ba agogo ba, ba waya ba. Hoto ɗaya, a layin ƙarshe, wanda za a ga fuskarta a san ita ce.

"Baba, tana kama mutum yana gudu?" ta tambaya.

Dakta ya yi murmushin wanda aka yi wa tambayar da ya kwana yana jira. "Kashi ɗaya cikin dubu huɗu na sakan, 'yata. Da wannan saurin take iya ƙifta ido. Ko harsashi ne ke, sai ta tsayar da ke. Kuma idan na danne maɓallin ban saki ba, hoto uku take ɗauka a kowane sakan. Uku! Ƙas, ƙas, ƙas. A sakan nawa kike gama gudun?"

"Sha uku da ɗan wani abu."

"Malama, sha uku sau uku?"

"Ka biya kuɗin darasi tukuna."

"Talatin da tara! Hoto ɗaya kika ce? Talatin da tara zan ba ki, ki zaɓa ki zubar da saura."

Barewa ta dube shi, ta dubi kwalin. "Ka dai zo," ta ce.

Mako uku ya rage kafin gasar, kuma Dakta bai ɓata ko kwana ɗaya ba. Ya ɗauki hoton kwalaben maganin tari a jere. Ya ɗauki hoton ma'aunin nauyi da ke bakin ƙofa. Ya tsaya a ƙarshen shagon ya ɗauki wani kwali da ke can saman kanta, sannan ya yi ta danna maɓallin ƙara girma har ranar lalacewar maganin ta fito ɓaro-ɓaro a allo, ya kuma nuna wa duk wanda ya shigo, har da wani tsoho da ya zo neman maganin ciwon ido. Ya shiga sito ya rufe ƙofa, ya ɗaga lambar ISO, wato ƙarfin ganinta a wuri mai duhu, har dubu shida da ɗari huɗu, ya fito da hoton tsintsiya yana cewa, "Ni da kaina ban gan ta ba, amma ita ta gani." A gida ya ɗauki fanka a kashe, da kyanwa tana barci, da Malama tana hararsa.

Duk abin da ya ɗauka a mako ukun nan, babu wanda ya motsa.

A shafi na tamanin da wani abu ya gano cewa kyamarar na ajiye hoto iri biyu. Akwai wanda take gyarawa da kanta ta matse shi ya zama ƙarami, akwai kuma wanda take ajiyewa yadda ya shigo, da nauyinsa, ba a taɓa shi ba. Dakta ya sa musu suna dafaffe da ɗanye. Littafin ya ce ƙwararru ɗanyen suke so. Magana ta ƙare. Ya saita ta a kan ɗanye, ya sayo memori mafi girman ciki da aka samu a shagon, bai tambayi saurinsa ba, don a tunaninsa memori ɗaki ne, ɗaki kuwa faɗinsa ake tambaya.

"Ka sa ta ta yi gudu a layin nan ka gwada mana," in ji Malama wata safiya.

"In gajiyar da yarinya a banza? An rubuta, Malama. Uku a sakan. Inji ba ya ƙarya."

"Ni dai ɗalibaina ma sai na gwada su."

"Ɗalibanki ba su zo da littafin bayani ba."

Ranar gasar ya manna takarda a ƙofar shago, karo na farko a tarihin shagon: AN FITA, A YI HAƘURI. Ya cika batir har sau biyu, duk da an rubuta cewa caji ɗaya na ɗaukar hoto ɗari biyar. Ya rataya kyamarar a wuya tun daga gida, ya zauna a gaban motar Kawu yana rungume da ita kamar jaririyar da aka sallamo daga asibiti.

"Yaya Dakta, wai wannan abar tana kiran waya?" in ji Kawu.

"Ba ta kira."

"Tana aika saƙo?"

"Ba ta aikawa."

"To tawa tana yi, kuma tana ɗaukar hoto, kuma tana shiga aljihu."

"Mun ga hotunanka ai. Har yau ana musu a gida, 'yata ce ko gobara ce."

Filin makarantar ya cika. An ja layuka da farin fenti a kan ciyawa, an kafa rumfuna huɗu, ja da shuɗi da kore da ruwan ɗorawa, ga lasifika tana ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Kafin a yi minti talatin, babu wani uba ko malami a wajen da bai san cewa ɗigo miliyan goma sha takwas ne ba. Malamin wasanni, wani kakkauran mutum da yara ke kira Mai Usur, ya tsaya ya saurari bayanin madubi daga farko har ƙarshe, kuma ya burge ƙwarai.

"Wato daga can nesa sai ta nuna gashin idon mutum?"

"Ɗaya bayan ɗaya," in ji Dakta. "In kana so ka ƙirga."

"Ai kai ba cikin 'yan kallo za ka tsaya ba, ranka ya daɗe. Zo nan."

Ya kai shi bayan layin ƙarshe, ɗan gefe kaɗan, inda masu gudu za su taho suna fuskantarsa. Dakta ya kafa ƙafafu, ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari kamar yadda zanen shafi na talatin ya nuna, ya murɗa gilashin har ƙarshensa, daga lamba sha takwas zuwa hamsin da biyar, don ya jawo nesa kusa. Ta 'yar tagar ya hango 'yan mata takwas a can farkon fili, ƙanana kamar ƙwayoyin magani a tafin hannu. Wannan zagayen share fage ne. Biyun farko za su je na ƙarshe.

Usur ya tashi. Dakta ya danne maɓalli.

Ƙas, ƙas, ƙas. Ƙas, ƙas, ƙas. Daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Ga abin da aka rubuta, ga shi yana faruwa a hannunsa.

Sai shiru.

Ya ƙara dannawa. Wata 'yar jar fitila a bayan kyamarar ta kama ƙiftawa. Filin ya ɗauki ihu, jar riga tana girma a cikin tagar, tana girma, ga fuskar 'yarsa, ga haƙoranta a cije, ga kitsonta yana tashi, hoton da ya yi alkawari yana tahowa gare shi da gudu, yatsansa kuma yana danna ƙarfen da ya zama kamar dutse. Ƙas, in ji kyamarar sau ɗaya, a kasalance, tun Barewa na tsakiyar fili. Ta wuce layin, ita ce ta farko. Ta wuce shi shi ma, har iskarta ta taɓa shi. Can bayan komai ya lafa, kyamarar ta sake cewa ƙas, ta ɗauki tumbin malamin da ke riƙe da agogo.

Barewa ta dawo tana haki, hannu a ƙugu. "Baba! Ka samu?"

"Ana... ana sarrafawa," in ji Dakta. "Je ki sha ruwa. Kar ki tsaya a rana."

Ta tafi da gudu wajen ƙawayenta. Malama da Kawu suka iso. Su uku suka sunkuya a kan allon. Hoto shida masu kyan gaske na ciyawa mita ɗari, da wasu ɗige-ɗige a can ƙarshenta. Ɗaya na tsakiyar fili, mutane kamar tururuwa. Sai tumbi, wanda ya fito da kyau har ana iya ganin zaren da aka ɗinke maɓallin rigar da shi.

Kawu ya yi dariya har ya durƙusa. "Ɗigo miliyan goma sha takwas na cikin mutum! Yaya, a wanke wannan a kai wa matarsa."

Dakta bai ji shi ba. Ya riga ya zaro littafin daga jaka yana jujjuya shafuka, gumi na ɗiga a kai. Shafi na casa'in da biyu. Hoto uku a sakan, ga shi nan, da manyan baƙaƙe. A gefen ukun akwai wani ɗan tauraro. A ƙasan shafin, da rubutun da sai an matso da shi kusa da hanci, tauraron ya yi bayani: idan ɗanye ne, shida kawai take ɗauka a jere, sannan ta dakata har sai ta gama zuba su a memori, kuma tsawon dakatawar ya danganta da saurin memorin.

Ya karanta wannan layin a da. Ya tuna ma ya ja masa layi da jan biro. Abin da bai yi ba shi ne ya haɗa shi da yarinya mai gudu.

"Fassara mini," in ji Malama.

"Akwai wani ɗan wurin jira a cikinta," ya ce da muryar mai ba da labarin rasuwa. "Kamar bencin shagona. Mutum shida yake ɗauka. In ya cika, sai an sallami na ciki kafin wani ya shigo. Ni kuma na sayo memori marar sauri."

"Kai da kake hana mutane shan magani sai sun karanta ƙaramin rubutu?"

"Malama, don Allah."

"To ka mayar da ita kan dafaffen mana. Ba ka ce shi ba ya da nauyi ba?"

Dakta ya dubi agogo. Saura minti ashirin a yi gudun ƙarshe. Ya dubi kyamarar. "Ban taɓa gwada dafaffen ba. Ba a canza wa majinyaci magani a bakin ƙofar tiyata. In na shiga taɓe-taɓe yanzu na ɓata wani abin fa?"

Malama ta yi masa kallon da take yi wa yaron da ya kawo amsa daidai ta hanyar da ba daidai ba. Sannan ta miƙa wa Kawu jakarta.

"Shida gare ka. Uku a sakan. Sakan biyu ke nan, ba ƙari. Yarinyar nan tana cin kamar mita bakwai da rabi a sakan. Idan ka fara tana saura mita goma, za ta taɓa zaren a wajen hoto na huɗu ko na biyar, ka ga da sauran canji a hannunka. Kafin nan ko ƙasa za ta tsage kada ka taɓa maɓallin nan."

"Ta yaya zan gane mita goma ta cikin wannan 'yar tagar?"

Malama ta je bakin layin ƙarshe, ta juya, ta fara takawa a gefen fili da manyan taku, tana ƙirgawa a fili, mutane na kallonta. A taku na goma sha biyu ta tsaya, ta yafito ƙanenta.

"Zo nan. Tsaya daidai nan. Kai ne alama."

"Yaya, ni fa kallo na zo."

"Ka yi kallon daga nan. Da wannan rigar taka ko daga jirgin sama za a hango ka. In ka motsa, ni da kai ne."

Kawu ya tsaya a gefen fili cikin rigarsa mai ruwan lemo, riƙe da jakar mata, fuskarsa kamar wanda aka tsayar a gaban aji. Dakta ya koma wurinsa. Ya saita saurin ƙiftawar a kashi ɗaya cikin dubu. Cikin wuraren saita gani guda tara da ya yi mako uku yana yabo, ya kashe takwas ya bar na tsakiya, ya ɗora shi a kan farin zaren da malamai biyu suka ja a layin ƙarshe, daidai layi na huɗu inda Barewa za ta bi. A layi na biyar akwai wata doguwar yarinya ta gidan shuɗi, sabuwar zuwa makarantar, wadda ta ci nata zagayen tana waige.

Usur ya tashi.

Abin da ya fi komai wuya a rayuwar Dakta shi ne sakan goman da suka biyo baya. Yatsansa na kan maɓalli yana roƙonsa. Ihu ya taso daga can farkon fili yana tahowa kamar ruwan sama a kan kwano. Ja da shuɗi sun fita daga cikin sauran, kafaɗa da kafaɗa. Ya buɗe ɗaya idon ya nemi rigar lemo.

Rigar lemo ba ta nan. Kawu ya hango 'yar yayarsa ana kankankan da ita, ya manta shi alama ne, ya ruga ya tarye ta, ga shi can yana bin gefen fili a guje tare da su, jakar Malama na lilo a hannunsa, yana kururuwa, "Taka, Barewa! Taka, 'yar gidanmu!"

Ba alama, ba littafi. Fuskar 'yarsa kawai, tana cika tagar. Dakta ya bari har ya ga farin idonta, ya ƙara jira na bugun zuciya ɗaya wanda bai san inda ya samo shi ba, ya danne.

Ƙas, ƙas, ƙas. Ƙas, ƙas, ƙas.

Zaren ya faɗi. Filin ya fashe. Rumfar ja ta kwararo cikin fili, aka ɗaga Barewa sama, lasifika tana cewa gidan ja, gidan ja, shekara huɗu a jere. Dakta ya tsinci kansa yana tsalle, shi da rabonsa da tsalle tun yana jami'a, kyamarar na dukan ƙirjinsa. Jar fitilar ta gama ƙiftawarta. Ya juya wa rana baya, ya kare allon da tafin hannu.

Na ɗaya, suna tahowa. Na biyu, sun matso. Na uku. Na huɗu.

Ya daina numfashi. Ga ta nan. Ƙafafunta biyu duk a sama, babu wadda ta taɓa ƙasa. Kitso a tashe, jijiyar wuya a miƙe, ɗigon gumi guda ya rabu da haɓarta ya tsaya cak a iska. Fuskar kuwa, ko wanda ya gan ta sau ɗaya a jariri zai ce ita ce. Ya danna ƙara girma don ya more, ya ƙara, ya ƙara, ya gangaro daga fuskar zuwa zaren.

Zaren ya lanƙwashe a ƙirjin doguwar yarinyar. Tsakaninsa da jar rigar Barewa akwai hasken rana, faɗin yatsa uku, tas, babu ko dishi.

A bakin layin kuwa musu ya kaure. Malamar gidan shuɗi ta riƙe hannun ɗalibarta tana rantsuwa ita ta fara taɓawa. Masu riƙe zaren ɗaya ya ce ja, ɗaya ya ce shi dai ya ji an fizge. Mai agogo ya ce agogonsa lokaci yake nunawa, ba launi ba. Mai Usur ya share gumi, ya waiga, fuskarsa ta washe.

"Af! Me muke wa musu? Ga mai ƙirga gashin ido nan. Dakta, ranka ya daɗe, taimaka mana."

Dakta ya san inda maɓallin gogewa yake. Shafi na ɗari biyu da huɗu, ƙasa a hannun dama, mai zanen kwandon shara, dannawa biyu. Babban yatsansa ma ya riga ya isa wajen ba tare da an aike shi ba. Na uku bai nuna komai ba, a na biyar kuma zaren ya riga ya faɗi. Na huɗun ne kaɗai ya sani. Kuma shi ne kaɗai hoton da aka roƙe shi.

"Baba!" Barewa ta ratso mutane, ciyawa a gwiwarta. "Ka samu? Ka ce ka samu!"

Ya miƙa mata. Ta kama kyamarar da hannu biyu. Ya ga idonta ya buɗe, bakinta ya buɗe.

"Wayyo, Baba! Ni ce! Mama, zo ki gani, tashi nake yi! Dubi ƙafata!"

Sai ya ga idon ya sauka ƙasa kaɗan, ya tsaya. Ta daɗe a wurin. Ta sa yatsa ta ƙara girman da kanta, saboda ta riga ta ga yadda yake yi sau ɗari a gida. Malama ta leƙo ta kafaɗarta, ta gani, ta ɗora mata hannu a baya. Kawu ya iso yana haki, ya leƙa, ya buɗe baki, Malama ta take masa ƙafa.

Barewa ta ja hanci sau ɗaya. Ta cire igiyar daga wuyan ubanta, ta taka har gaban Mai Usur.

"Malam, ga shi. Ita ce ta ci."

Aka yi cincirindo a kan allo ɗan inci uku. Mai Usur ya duba, ya cire hula, ya sake dubawa. "Kai! Har zaren ya nuna. Wannan inji ba ya jin kunyar kowa." Lasifika ta yi tari ta gyara maganarta. Rumfar shuɗi ta fashe da nata ihun. Doguwar yarinyar ta zo ta leƙa ita ma, ta dubi Barewa, ta ce, "Amma ke kin fi ni fitowa da kyau." Barewa ta ce, "Na sani."

Suka kama hanyar gida a motar Kawu. Kyamarar na cinyar Barewa a kujerar baya, tana kunna allon, ya mutu, ta sake kunnawa.

Dakta ya yi gyaran murya. "Akwai wani abu da ake yi," ya ce, bai waiga ba. "Hoton yana da girma sosai. Ana iya yanke gefe guda a bar ke kaɗai, daga kai zuwa ƙugu, kuma ko an wanke shi babba ba zai fashe ba. Ba zaren, ba kowa. Ke kawai."

"A yanke ta?"

"In kina so."

Barewa ta sake kunna allon. Ta dubi doguwar yarinyar, ta dubi ɗan hasken nan mai faɗin yatsa uku.

"A bar ta," ta ce. "A wanke shi babba, mafi girman da suke yi. A bangon da ke kallon gadona nake so."

"Ki riƙa tashi kullum kina ganin wadda ta cinye ki?" in ji Kawu.

"Eh."

Malama ta juyo ta dubi 'yarta da kyau, ta daɗe tana dubanta, sannan ta mayar da kai ga titi.

"Kawu, ka kula da hanya," ta ce. "Kuma ka ba ni jakata."